Kayan Aro a Ɗakin Inna Fatsuma

Shafi na 23

Masu cewa jiya na yi muku rowar rubutu, yau ga shi na cika mudu. Sai dai kada wanda ya zo ya zage ni a ƙasa, ni ma da haushi na rubuta. Wanda yau ya fara bin mu: muna ƙasar Yauri ne, zamanin tana Jihar Sakkwato, shekarar da aka ce za a raba wa talakawan masunta jirgi da raga kyauta. An liƙa sunaye, babu gidan su Barira. Ita kuwa mijinta Dauda ya riga ya faɗa, in bai samu jirgin nan ba, bayan Sallah zai bi mota zuwa Baga, can bakin tafkin Chadi, neman kifi.

Tun hantsi Barira take zaune a bencin ofishin tallafin, bayan kasuwar kifi ta Yelwa, da Mariya goye a bayanta. Sai da aka sallami kowa sannan ta shiga.

Malam Jibrin ne a teburin, shi ne ya je Tungar Illo cika fom wata biyu da suka wuce. Ko ɗagowa bai yi ba.

"An rufe karɓar suna, baiwar Allah."

"Malam, ba ka gane ni ba?"

"Mutane da yawa nika gani."

"Kaji ma da yawa kaka ci? Tungar Illo, gidan Inna Fatsuma. Jar kaza da tuwon shinkafa. Har kac ce a ƙaro maka romo."

Sai ga kai ya ɗago. Ciki dai ba ya mantuwa.

"Af, ke ce surukar tsohuwar nan mai kirki. Zauna mana. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Na zo in ji laifin da munka yi anka cire mu."

"Ba wanda ya cire ku. Ba ni ka zaɓe ba, takarda ka zaɓe. Kowane gida da makinsa, wanda makinsa ya hau ba talaka ba na."

"To karanta mani yadda munka zama masu arziki, in je in yi wa 'ya'yana albishir."

Ya jawo wani tulin takardu da aka ɗaure da igiya, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa har ya kai kan tasu.

"Gida na goma sha tara. Mai amsa tambaya, Fatsuma. Rediyo ɗaya. Keke ɗaya. Gadon ƙarfe da katifa. Agogon bango. Langa goma sha biyu a jere. Rufin ɗaki, na gwamnati."

"Rufin da anka ba mu ranar da ruwan dam ya nutsar muna da gungu, tsibirinmu, da gonakin albasa? Shi ma arziki na?"

"Haka takarda ta ce. Saura tambaya ta ƙarshe: yaushe rabon gidan da cin nama?" Ya kai yatsa kan layin. "An rubuta, yau."

Barira ta yi wata dariya mara daɗin ji, har Mariya ta motsa a bayanta.

"Gaskiya ta, ranar an ci nama. Kai kac ci. Kaza ɗaya gare mu, tana cikin ƙwai, Inna ta ce a yanka wa baƙo. Ƙafa da kai 'ya'yana sunka raba. Kafin ranar, rabonmu da nama tun layya, shi ma maƙwabta sunka aiko."

Malam Jibrin ya ajiye biro.

"Kayan fa? Da idona na gani."

"Aro na. Dud da agogon. Mu da ba mu san ƙarfe nawa ba sai mun dubi inuwa."

Bari in tsaya in faɗa wa 'yan birni wani abu, don na san za ku ce wauta ce. A Tungar Illo, baƙon da ya zo daga nesa ba ya ganin ɗaki tsirara. Ko dangin miji ne, ko masu neman aure, balle baƙon gwamnati mai takarda. Maƙwabta ke haɗa maka kaya, wannan ya kawo darduma, wancan ya kawo kwano, in baƙo ya tafi kowa ya ɗauki nasa, ba wanda zai sake ta da zancen. Rufin asiri suke kiransa. Wanda ya tsara fom ɗin nan a can ƙasar waje bai taɓa jin haka ba, kuma bai tambaya ba.

Malam Jibrin ya ce, "To don me ba ku faɗa mani ba?"

"Ka tambaya? Leƙawa kay yi kana rubutu, muna jin daɗi za a kai Sakkwato a ce mu ma mutane na."

Ya kama gyaran takardun da ba su karkace ba.

Barira ta gyara goyo. "Karanta mani waɗanda sunka samu ga tungarmu. Ban iya boko ba, na tsaya gaban bangon nan awa akuya."

"Gida huɗu na. Na farko, Sahabi matuƙi."

"Wane Sahabi?"

"Wani bawan Allah, gidansa na bakin masallaci. Shi kam ko ni sai da nij ji tausai." Ya zaro takardar. "Tabarma biyu. Tukunya uku. Ba rediyo, ba keke, ba jirgi. 'Ya'ya goma sha ɗaya. Rabonsu da nama, ba ya iya tunawa. Ruwa ma ga fasasshiyar ƙwarya ya ba ni."

Barira ta dafa teburin da hannu biyu.

"Lafiya?"

"Malam, Sahabi ɗaya na ga bakin masallaci. Alhaji Sahabi. Jirgi huɗu gare shi, biyu da inji. Makka sau biyu. Baban Mariya tun da jirginai ya fashe ga kututture bara, ga jirgin Alhaji shika tuƙi, a kasa kifi uku a ba shi kashi ɗaya."

"Ban ga jirgi ba."

"Ina za ka gani? Satin da kaz zo duka ya aika su Shanga ɗaukar shinkafa."

Idonta ya tsaya a kan bango, bakinta na motsi kamar mai lazimi. Abin da wata biyu ba ta gani ba, yanzu ya fito mata fili.

"Malam, ka san wa ya ba mu aron gadon?"

Ya dube ta.

"Shi na. Ana jibi za ka zo, da safe, shi da kainai ya shigo da ma'aikatanai ɗauke da kaya. Ya durƙusa gaban Inna ya ce baƙin gwamnati na tafe, ba ya yarda a ga ɗakin matar Sarkin Ruwa haka. Gida bakwai ya raba wa kaya. Har liman ya sa mashi albarka ga masallaci."

"Faɗa mani gidajen."

Ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya, yana bin takardu da yatsa. Gidan makaho, an rubuta masa keken ɗinki. Gidan gwauruwar da ke banda wa mutane kifi, an rubuta mata rediyo mai kaset. Har ya kai na bakwai bai sami ko ɗaya a jerin masu samu ba.

Mutum ya kwashe gidansa kaf ya zuba a ɗakunan talakawa, ya zauna kan tabarma ya karɓi rabonsu, kuma suka bi shi da godiya. Ni dai tun da nake jin mugunta ban taɓa jin wadda aka yi wa addu'a a masallaci ba sai wannan.

Malam Jibrin ya cire hula ya share zufa.

"Wani ya gaya masa tambayoyin. Ba yadda za a yi ya sani."

"Wanga ku ta shafa. Ni jirgi nika so."

"Gobe da safe takardun nan za su Sakkwato. In sun tafi, sun tafi."

"To yau fa?"

Ya mayar da hular kansa. "Hanya ɗaya ta. Wanda ya amsa tambaya ranar, shi zai ce da bakinsa kayan ba nasa ba na, gaban shaidu, ya dangwala yatsa. Ba ke ba, ba mijinki ba. Ita tsohuwar."

Barira ta san surukarta. Amma ta tuna Ɗangana, yayan Dauda, wanda ya bi motar Baga shekara shida ke nan ko wasiƙa babu, sai ta haɗiye tsoron.

"Tashi mu tafi."

"Yanzu? Ban ci ko abincin rana ba."

"Ka ci namu wata biyu da sunka wuce, Malam. Tashi."

Ya tashi kuwa.

*

Bayan azahar motar ofis ta shiga Tungar Illo. Barira ta so a yi abin a ɓoye, to amma mota a tunga ba ta ɓoyuwa. Kafin su sauka mata sun bar banda, maza sun bar ɗinkin raga, ƙofar gidan ta cika.

Inna Fatsuma na zaune bakin ɗakinta tana tsince shinkafar da ba ta kai tafi biyu ba. Tana ganin baƙo ta jawo gefen zane ta rufe faifan.

"Maraba, ɗana. Barira, haka aka kawo baƙo ba aike?"

Malam Jibrin ya gaishe ta, ya nemi izini ya leƙa ɗakin. Ya daɗe a tsaye a ƙofar. Tabarma ɗaya ce da ta ci gefe, randa, tsohon akwatin gwangwani, sai igiyar da aka rataya zane biyu. A ƙasa har yanzu akwai ramuka huɗu inda ƙafafun gadon suka tsaya kwana uku.

Ya fito idonsa a ƙasa. "A kira mani liman da mai unguwa."

Ba sai an kira ba, suna cikin taron. Dauda ma ya iso daga bakin ruwa, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya tsaya jikin bango.

Can sai ga Alhaji Sahabi. Mutumin da ko bakin ruwa da shadda yake zuwa, yau ga shi cikin yagaggiyar taguwa, ba takalmi. Yana magana leɓensa na sama a sauke don kada haƙorin Makka ya haska. Mutane suka dare masa hanya, don rabin mazan da ke tsaye a jiragensa suke ci.

Malam Jibrin ya durƙusa gaban tsohuwar, fom a gwiwa.

"Inna, tambaya ɗaya zan yi maki. Kayan da nig gani ga ɗakin nan ranar da niz zo, gado da rediyo da sauran, naki na ko aro na? In aro na, ki faɗa gaban mutanen nan ki dangwala, gobe sunan ɗanki ya shiga."

Inna ba ta dube shi ba. Taron take kallo, fuska bayan fuska.

Ku fahimci matar nan kafin ku yanke mata hukunci. Kafin ruwan dam ya ci gungunsu, mijinta ne Sarkin Ruwa. Tukunyarta ba ta sauka daga murhu, rumbun albasarsu uku, duk wanda jirginsa ya kwana a gungun a gidanta yake cin tuwo. Dattawan da ke tsaye a nan, yawancinsu ta sha zuba musu miya suna samari. Kowa a tungar ya san yau ba ta da komai. Amma sani daban ne, ji daga bakinta daban, kuma shekara goma sha shida ba wanda ya taɓa ji.

Kafin ta buɗe baki Alhaji Sahabi ya zube a gabanta.

"Inna, Allah ya huci zuciyarki. Ashe za mu ga ranar da za a tara maki gari a ce ki kira kanki matsiyaciya?"

Barira ta ce, "Alhaji, ba da kai aka magana ba."

Malam Jibrin ya juyo. "Alhaji?"

"Laƙabi na, ranka ya daɗe, ranar Arfa anka haife ni." Ya koma kan tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji. "An ce wai ni nib ba ki aro. Ni wa? Ni da nit tashi ina tuƙa jirgin Sarkin Ruwa, ina cin ƙanzon tukunyarki? Yaushe bara ya kai ya ba uwar ɗakinai aro? Wanga zance ko ga maƙiyi ban so a yi shi ba."

Na rantse muku mutumin nan ya san inda zai taɓa. Bai roƙe ta ta rufa masa asiri ba, nata asirin ya ɗora mata a cinya.

Barira ta kwance goyo ta miƙa wa wata maƙwabciya, ta durƙusa ita ma.

"Inna, ki dube ni. Mutumen nan da gangan ya kawo kayan. Ya san abin da za a rubuta. Gidanai ya kwashe ya zuba muna, sunanai na ɗaya ga takarda. Mai jirgi huɗu za a ƙara ma na biyar, ɗanki ya ci gaba da tuƙa mashi."

Taron ya ɗauki guna-guni. Makaho daga baya ya ce, "Wane suna anka ce na ɗaya?"

Inna ta ce, "Barira, tashi. Ba a wanga gaban mutane."

"Gaban mutane anka ce a yi shi. Kalma ɗaya ta, Inna. Aro. Wa ag ga wurin nan da bai taɓa aro ba?"

"Na ce ki tashi."

"Ba ni tashi. Ɗangana ya tafi Baga, shekara shida kina duban hanya. Kina so ki dubi hanya biyu? Ni ba ni iyawa. 'Ya'ya uku gare ni, jiya ruwan kanwa nid dama masu da gari."

Tsohuwar ta runtse ido kamar an mare ta. Ba maganar Baga ce ta soke ta ba, maganar garin ce, da aka faɗa a gaban matan tunga.

Barira ta juya wajen mijinta. "Baban Mariya, ka yi magana mana."

Dauda ya dubi uwarsa, ya dubi mai jirgin da zai hau gobe da asuba. Ya buɗe baki.

"Inna..."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Ya sunkuyar da kai yana murza hular da ke hannunsa.

Malam Jibrin ya buɗe ɗan kwanon tawada ya ajiye kusa da ƙafarta. "Inna, ba abin kunya ba na. Don irinku anka kawo shirin nan."

"Irinmu su wa, ɗana?"

Ya gane ya ɓata, amma magana ta riga ta fita.

Inna Fatsuma ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙe zaune sosai, ta ɗaga murya yadda na bakin zaure zai ji.

"Rubuta. Kayan da kag gani nawa na. Gado nawa na, rediyo nawa na. Na kai su ajiya wajen dangi saboda damina, ɗakin na yoyo. Gidan Sarkin Ruwa bai taɓa aro ba, mu aka zo ma aro."

Alhaji Sahabi ya sauke numfashi. "Allah ya ƙara girma, Inna."

Wasu tsofaffi har da gyaɗa kai, wai ta yi abin da ya dace da ita. Wallahi a nan na rasa wanda zan fi jin haushi, mai wayon, ko mai takardar, ko masu gyaɗa kan nan da su ma za su kwana da yunwa.

Malam Jibrin ya dubi Barira. "Kin ji. Ba ni da ikon rubuta abin da ba ta faɗa ba." Ya kai hannu zai rufe tawadar.

Barira ta riƙe hannun rigarsa.

Shekara tara tana gidan nan ba ta taɓa ɗaga wa surukarta ido ba. Ita ke tauna mata goro tun da haƙoranta suka zube, ita ke gasa mata ƙafa in sanyin ruwa ya tashi. Tana son matar nan kamar uwar da ta haife ta, kuma a wannan lokacin ji take kamar ta shaƙe ta. Sai wata dabara ta zo mata, irin dabarar da ɓacin rai ke kawowa. Inna ba ta wasa da salla, ba ta wasa da rantsuwa. A tungar kaf ba mai dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, don kowa ya yarda wanda ya yi ba ya ganin baɗi, kuma abin kan bi har zuriya. Barira ta tabbata in aka kai nan, dole tsohuwar ta sauko.

Ta miƙe tsaye.

"To Inna, in naki na, ki dafa. Malam liman, a ɗauko Alƙur'ani."

Duk ido ya koma kan liman.

Liman ya ce, "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah. Uwar mijinki ta."

"Shi nika tsoro, shi ya sa nic ce a ɗauko. In ta dafa, na bar zancen har abada."

Dauda ya ɗago a firgice. "Barira, bari."

Ko Alhaji Sahabi sai da ya ja da baya, leɓen ya manta aikinsa, haƙorin ya fito fili.

Barira ba ta ga wannan ba. Idonta na kan tsohuwar, tana jira ta ga kafaɗun nan sun sauka, ta ji kalmar nan guda ɗaya.

Inna Fatsuma ta daɗe tana kallonta. Babu faɗa a idon, babu hawaye. Sannan ta ture faifan shinkafar gefe, ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu.

"Dauda," ta ce, "ɗauko mani buta in yi alwala."